Janfarce, Ƙarin Farce Da Lalle: Abin Da Ya Kamata Mai Ciki Da Mai Jego Su Sani

Sau da yawa idan muka ce wa mace ta goge janfarce ko ta cire ƙarin farce kafin a shiga da ita ɗakin tiyata, sai ranta ya ɓaci. Wata ta ɗauka tsanani ne irin na malaman asibiti, wata kuma ta ce ai ciki za a duba, ina ruwansa da yatsa? Tambaya ce mai kyau, sai dai idan naƙuda ta kankama babu sararin dogon bayani. Shi ya sa na ga ya dace mu yi shi a nan tun da sauran lokaci, musamman yanzu da shagunan gyaran farce suka yawaita a cikin garin Katsina, kuma kayan shafe-shafen nan ana samun su cikin sauƙi a Babbar Kasuwa da kantunan unguwa.

Abin da muke dubawa a farce

Farce, ko ƙumba kamar yadda wasunmu ke cewa, tamkar taga ce. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan hanyoyin jini masu yawa, kuma ko mace baƙa ce wuluk, wurin nan yana nuna launin jininta. Idan ya yi fari fat, muna zargin ƙarancin jini, wanda matsala ce da ta yi yawa ga masu ciki a ƙasarmu. Idan ya yi shuɗi-shuɗi, iskar oksijin ce ba ta isa ba. Mukan kuma danna farce har ya yi fari sannan mu saki. Ga mai lafiya launin yana dawowa cikin daƙiƙa 2. Idan ya jinkirta ga macen da ta haihu tana zubar da jini, wannan na daga cikin alamomin da ke sa mu tashi tsaye.

Sai ƙaramar na'urar nan da muke maƙala miki a yatsa. Aikinta ta haska jan haske da wani hasken da ido ba ya gani ta cikin yatsa, ta auna yawan oksijin da jini ke ɗauke da shi. Duk abin da ya tare hasken zai iya rikita lissafin. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi, inda ta lissafa janfarce da launin fata cikin abubuwan da ke rage ingancin awon na'urar. Kafin nan, a 2020, wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan ya gano cewa na'urar ta fi ɓoye ƙarancin oksijin ga baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata. To mu da ma akwai wannan tangarɗa a kanmu, bai kamata mu ɗora mata wata ba. Gaskiya ne ba kowane launi ke kawo cikas ba. Baƙi da shuɗi da kore su ne suka fi, ja da ruwan hoda ba su cika damun na'urar ba. Dogon farce kuwa matsalarsa daban ce: yatsan ne ba ya zama daidai a cikin na'urar.

Janfarce na kwalba

Wannan shi ne wanda kowa ya sani, kuma shi ne mafi sauƙi. Masu gyaran farce suna shafa shi hawa uku. Na farko, shafin ƙasa, ba shi da launi. Shi ke riƙe launin, ya kuma hana shi rina farce ya koma rawaya. Na biyu shi ne launin kansa. Na uku, shafin sama, shi ke ba da ƙyalli ya hana saurin ɓarewa. Duk ukun da iska suke bushewa, kuma da auduga da ruwan gogewa za a fitar da su cikin minti 1 ko 2. Don haka a wurinmu ba shi da wahala. Aibinsa shi ne bayan 'yan kwanaki yakan fara tsattsagewa, datti da ƙwayoyin cuta su samu maɓoya a cikin tsagar. Ruwan gogewar kuma, musamman mai sinadarin asiton, yana busar da farce da fatar gefensa, abin da ke ƙaruwa a lokacin hunturu.

Jel da akrilik da farcen roba

A nan ne mata da yawa ke ruɗewa, domin a ido duk ɗaya suke.

Jel ana shafa shi kamar janfarce, shi ma da shafin ƙasa da na sama, amma ba ya bushewa da iska. Sai an sa hannu a cikin wata 'yar fitila mai hasken UV, kowane hawa ya daskare ya zama kamar roba. Yana kai mako 2 zuwa 3 bai ɓare ba. Ruwan gogewa na yau da kullum ba ya fitar da shi; sai an kankare samansa, an jiƙa auduga da asiton an naɗe yatsa na minti 10 zuwa 15. Ki ƙiyasta wannan a kan yatsu goma, ga macen da ake sauri a ciro mata jariri.

Akrilik kuwa gini ne ake yi a kan farce. Ana kwaɓa hoda da wani ruwa mai ƙarfin wari, a ɗora, ya sandare da kansa, a goge shi da tsawon da ake so. Ya fi jel tauri da kauri, cire shi ya fi ɗaukar lokaci. Da yake farce yana girma kimanin milimita 3 a wata, bayan mako 2 ko 3 za ki ga rata ta fito a gindinsa, sai an koma an cike. Farcen roba shi ne wanda ake saya a kwali a liƙa da gam, kuma gam ɗin dangin sufa gulu ne. Shi ya fi araha, shi ya sa 'yan mata suka fi yin sa a gida ranar biki.

Abin da ya haɗa su uku shi ne, kafin a sa su sai an kankare fuskar farce don su kama, wajen cirewa kuma a ƙara kankarewa. Wadda ta ɓamɓare da haƙori ko da ƙarfi tana tafiya da ɓawon farcenta na ainihi. Farcen hannu yana ɗaukar wata 4 zuwa 6 kafin sabo ya maye gurbin wanda ya lalace, na ƙafa kuwa shekara guda ko fiye. Sannan idan ƙarin farcen ya ɗan ɗaga, ruwan wanke-wanke da na wanki ya shige tsakani, ba ya bushewa. A wannan laimar ce wata ƙwayar cuta mai suna Sudomonas ke zama ta mai da farce kore, haka ma cutar fangas. Idan kika ga kore, kada ki bari a rufe miki shi da wani launi. A cire gaba ɗaya, ki zo a duba.

Akwai kuma borin fata. Sinadaran da ke cikin jel da akrilik, idan suka taɓa fata tun ba su daskare ba, jiki yakan ɗauke su a matsayin abokan gaba. Sai ƙaiƙayi da kumburi da tsagewa a kan yatsu, wani lokaci har a fatar ido da wuya, wuraren da hannu ke taɓawa. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan wannan a 2018, ta sake yi a 2023. Abin da ya sa nake ɗaukar sa da muhimmanci shi ne ba ya warkewa idan ya kama, kuma dangin waɗannan sinadarai ne ake amfani da su wajen cike haƙori da simintin da likitocin ƙashi ke liƙa ƙarfe da shi. Kwalliyar mako biyu za ta iya rage wa mace zaɓin magani bayan shekara 20. Daga 1 ga Satumba 2025 Tarayyar Turai ta hana amfani da wani sinadari da ake kira TPO a cikin jel, saboda abin da gwaji a kan dabbobi ya nuna game da haihuwa. Babu tabbacin cewa jel yana cutar da ɗan da ke ciki, amma ni shawarata ga mai ciki ita ce ta haƙura da shi da akrilik har ta sauka, ko don warin da ke tayar da zuciya a shagon da babu iska.

Lalle

Lallenmu na gargajiya ba ya cikin wannan layi, domin shi rini ne, ba ya yin ɓawo a kan farce. Ba ya ɗagawa balle ruwa ya maƙale a ƙasa, ba ya buƙatar kankara, kuma jan lalle bai cika hana na'urar yatsa aiki ba. Abu ɗaya ne kawai: idan aka yi ƙunshi ya rufe tafin hannu da farata duka, ya ɓoye mana wuraren da muke duba ƙarancin jini, sai mu koma ga cikin fatar ido da harshe. Saboda haka idan watan haihuwarki ya kama, ki ce wa mai ƙunshi ta bar miki ko yatsa ɗaya a kowane hannu. Ba zai rage kyan zanen ba.

Baƙin lalle kuwa, wanda ake kira dayis, suna kawai ya ara. Ganyen lalle ba ya yin baƙi cikin minti 20. Abin da ke kawo wannan baƙin sinadarin rinin gashi ne mai suna PPD. Yana tare hasken na'ura fiye da jan lalle, kuma yana ƙona fata. Ga wadda ta yi shi karon farko, ƙurajen kan fito bayan mako 1 zuwa 2, suna bin sawun zanen filawa-filawa, har mace ta kasa gane daga ina suka zo. Daga nan jikinta ya riƙe, duk ranar da ta sake yi ko ta rina gashi, abin ya dawo da sauri da ƙarfi. A Sudan, inda ake yawan haɗa lalle da wannan sinadari, likitocin Khartum sun sha ba da rahoton yaran da ya shiga jikinsu, wuya ya kumbura, numfashi ya toshe, wasu suka rasu. A ajiye shi nesa da yara kamar yadda ake ajiye maganin ɓera.

Jariri kuma kada a sa masa lalle kowane iri, ko a jiki ko a ruwan wanka. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, wanda ya yawaita a Najeriya, ya fi kuma kama maza. Ga irin waɗannan yara lalle yana farfasa ƙwayoyin jini, shawara ta taso da ƙarfi, kamar dai yadda ƙwallon kafur da ake sawa cikin kayan jarirai ke yi. An ga haka a Kuwait da Turkiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ba za ki gane yaron da ke da shi da ido ba.

Mai jego

Malamai sun yi bayani cewa janfarce yana hana ruwan alwala isa ga farce, lalle kuwa ba ya hanawa. Wannan ya sa mata da yawa sukan jira lokacin al'ada ko na jego su yi janfarce ko ƙarin farce, ga kuma suna yana tafe, kowa na son fitowa fes. Sai dai kwanakin nan su ne hannun uwa yake kan cibiyar da ba ta warke ba, yake kan nono, yake goge kashi, yake share bakin jariri. Ƙarƙashin farce ne wurin da ƙwayoyin cuta suka fi taruwa a hannu, kuma ƙarin farce yana riƙe su ko bayan an wanke da sabulu.

Tsakanin 1997 da 1998, a ɗakin jinyar jarirai na wani asibiti a birnin Oklahoma na Amurka, jarirai 46 sun kamu da Sudomonas, 16 suka rasu. Da aka bincika, an samu irin ƙwayar a hannun malaman jinya biyu, ɗaya mai dogon farcenta na ainihi, ɗaya mai ƙarin farce. Irin wannan ne ya sa ƙa'idar wanke hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta hana ma'aikatan da ke taɓa marasa lafiya sa ƙarin farce, ta ce kuma farcen ainihi kada ya wuce rabin santimita. Dokar ta fara hawa kanmu ne kafin mu faɗa wa kowa. Idan aka kwantar da jaririnki a ɗakin jarirai, musamman bakwaini, ke ma ta shafe ki, haka kakarsa ko gwaggon da za ta zauna jinya.

Wajen mai gyaran farce

Idan za ki je, ki tafi da kayan yankanki. Almakashi da askar da aka yi wa wani aiki aka goge da tsumma za su iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B, wanda ƙwayarsa ke rayuwa a busasshen jini har mako guda. Wannan ya shafi maigida ma da yake miƙa hannu ga masu yankan farce na bakin titi. Kada ki bari a yanke siririyar fatar nan ta gindin farce. Ita ce murfin da ke hana ƙwayoyin cuta shiga, kuma yanke ta na kawo kumburi da mugunya irin na karkare. Mai ciwon suga ta fi kowa buƙatar kiyaye wannan, musamman a ƙafa. Kwalbar da ba ta da suna ko lambar NAFDAC, a bar wa mai ita.

Wadda aka sa wa ranar tiyata ta cire komai tun a gida, kwana biyu ko uku kafin ranar. Mai ciki kuma ta cire da zarar ta shiga wata na tara. Amma idan naƙuda ta zo ba shiri, ko kika ga jini, ko ruwa ya fashe, ko ciwon kai mai tsanani da kumburi, kada ki tsaya neman asiton ko mai shago. Ki taho da farcenki yadda yake. Za mu iya juya na'urar ta gefen yatsa, ko mu maƙala ta a yatsan ƙafa ko a kunne. Ki dai gaya wa ungozomar da ta karɓe ki ko jel ne, ko akrilik, ko na roba, don ta san da wanne za ta fara.