Malamin Da Ya Fitar Da Shuni Daga Kwal

'Yan'uwa manoma, yawancinmu mun taɓa ganin karofi, mun kuma san warinsa. Mun san yadda ake yanke baba, a daka ganyen, a dunƙula, a shanya. Marini ya zuba shi cikin rami tare da toka da katsi, ya yi ta motsawa da muciya har ruwan ya nuna. Idan ya tsamo zane, da fari kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sa'an nan ya rikiɗe ya zama shuɗi. Kakanninmu sun gwanance a wannan aiki ƙwarai. Sa'ad da Bature matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar rinannun tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu da bakin tekun Tarabulus.

To, wani malami a ƙasar Jamus, Adolf von Baeyer, ya ƙudura sai ya gane abin da ke cikin ganyen nan. An haife shi a Berlin a 1835. Ya soma binciken shuni a 1865, bai kuwa sake shi ba har wajen shekara 18. A 1880 ya harhaɗa shuni a ɗakin gwaji ba tare da ganye ko ɗaya ba, a 1883 kuma ya bayyana yadda ƙwayar shunin take a gine. Saboda wannan da sauran ayyukansa aka ba shi lambar Nobel a 1905.

Irin wannan bincike ne ya warware mana abin da marini yake gani kullum. Ganyen baba ba shi da shuɗi a cikinsa. Abin da yake ɗauke da shi wani sinadari ne marar launi, sai ganyen ya ruɓa iska ta taɓa shi kafin shunin ya fito. Shuni kuwa ba ya narkewa a ruwa. Tsamin da karofi yake yi, da ƙarfin toka, su ne suke narkar da shi ya ratsa zaren. Da an ɗaga zanen iska ta buga, sai ya sake daskarewa a cikin zare, shi ya sa wanki ba ya fitar da shi da sauƙi.

Hanyar Baeyer ta yi tsada, ba ta kasuwa ba ce. Amma kamfanin BASF ya sayi ikon aiki da ita, wani masani kuma mai suna Karl Heumann ya samo wata hanya a 1890, daga kwaltar da ake tatsa a jikin kwal. A 1897 shunin masana'anta ya shiga kasuwa, mai araha, kuma ƙarfinsa ɗaya kowane lokaci.

A nan ne maganar ta shafe mu, gama wanda ya sha wuya manomi ne. A 1897 shunin ganye da duniya take samarwa ya kai wajen tan 19,000, yawancinsa daga Indiya. Kafin 1914 ya faɗi zuwa wajen tan 1,000. A gundumar Champaran ta Indiya, Turawa masu gandu sun daɗe suna tilasta wa talakawa su shuka baba a kashi 3 cikin 20 na gonakinsu. Da farashi ya karye, sai suka juya hasarar a kan manoma, suka ƙara kuɗin haya, suka kuma karɓi diyya kafin su sake mutum daga noman baban. Manoman suka haɗa kai suka kira Gandhi a 1917, ya zaga ƙauyuka yana rubuta kukansu. A 1918 aka yi doka ta soke wannan tilas.

A ƙasarmu ma shunin gwangwani da atamfar masana'anta sun ci kasuwar baba sannu a hankali. Karofi da yawa sun mutu an cike su da shara. Duk da haka har yanzu ana rini a Ƙofar Mata cikin Kano, Buzaye kuma ba su daina son ɗan Kura mai ƙyalli ba. Yau kusan duk wandon jins da yaranmu suke sawa da shunin masana'anta aka rina shi.

Ba laifin Baeyer muke gani ba. Ya bi tambaya ɗaya da haƙuri, talaka kuma ya sami tufa mai launi da araha. Amma mutanen Champaran ba su taɓa jin sunansa ba sa'ad da aikinsa ya shigo gonakinsu. Saboda haka idan ƙungiyarku ta zauna shirin damina, ku tambayi kanku: in farashin auduga ko gyaɗa ko waken soya ya karye bana, me za mu ci, da me za mu biya bashin taki? Ku fara cika rumbu da hatsi tukuna. Kada a zuba gonar ƙungiya duka a kan amfani ɗaya na sayarwa. Ku kuma sa mutum ɗaya ya riƙa bin labarin kasuwa yana kawo wa taro.