Zanen Mafarki a Hannun Ɗalibi: Darasi daga Zariya

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana salon zanen da Turawa ke kira suriyalizim, wanda mu a nan za mu kira shi zanen mafarki, sa'an nan mu duba yadda ya kamata malami ya auna aikin ɗalibin da ya gwada shi. Batun yana da muhimmanci, domin malami kan ga an zana kifi yana shawagi a sama, ya ɗauka rashin iyawa ne, ya kayar da ɗalibi.

Asalin Salon

Salon ya kafu a birnin Faris a 1924, lokacin da marubuci Andre Breton ya wallafa manufofinsa. Shi da abokansa sun ga cewa hankalin da Turai ke tinƙaho da shi bai hana ta afka wa Yaƙin Duniya na Farko ba, don haka suka juya ga mafarki da ɓoyayyen tunani, bisa ra'ayin Sigmund Freud. Hanyoyi biyu suka bi. Ta farko ita ce sakin hannu ya yi aiki ba tare da shiri ba, kamar yadda Max Ernst ya yi a 1925: yakan ɗora takarda a kan katako, ya goga fensir, sa'an nan ya nemi siffa cikin abin da ya fito. Ta biyu kuwa ita ce zana abin da ba zai yiwu ba da cikakkiyar ƙwarewa, kamar agogunan da Salvador Dali ya nuna suna narkewa a 1931.

Abin da Zariya ta Koyar

A 1958 wasu ɗaliban zane na Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarar Turawa, amma a gauraya ta da al'adun gida. Daga baya Gani Odutokun, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a wannan jami'a har rasuwarsa a 1995, ya shahara da tsinka fenti ya kwarara shi a kan ƙyalle, ya bar shi ya bi hanyarsa, kafin ya sa hannu ya fitar da siffa. Wannan dabara ta yi kusa da hanya ta farko, amma abin da ya riƙa zanawa, kamar sarauta da mulkin soja, na ƙasarmu ne.

Ke nan ɗalibin da ya taso a Rigasa ba ya bukatar aron agogon Dali. A tatsuniya Gizo yana magana, Dodo yana haɗiye mutum ya fito da rai. Jirgin ƙasan Abuja kuma yana tsayawa a unguwarsa tun 2016. In ya zana shi yana fitowa daga bakin tulu, ya yi zanen mafarki da kayan gida. Wanda kuma yake ƙauracewa zanen mai rai saboda addini, hanya ta farko da adon bangon gidajen Zazzau sun ishe shi.

Kammalawa

Muna ba da shawarar malami ya yi tambayoyi uku kafin ya ba da maki. Shin ɗalibin ya iya zana abu yadda yake, har karkacewar ta zama da gangan? Shin siffofin nasa ne, ko kwafowa ya yi? Shin haɗin da ya yi yana sa mai kallo ya tsaya ya yi tunani? In amsoshin suka zama i, kayar da shi zalunci ne. In kuwa ta farko ta zama a'a, sai a mayar da shi ga fensir, domin sai an iya tafiya ake gudu.