HAƊA KWAMFUTA A GIDA DA KUƊI KAƊAN: INDA AKE TSUKE HANNU DA INDA BA A TSUKEWA

Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin kayan da ake shigowa da su daga ƙetare ya yi tashin gwauron zabi, har a farkon 2024 Dala ɗaya ta haura Naira 1,500. Kwamfuta tana cikin kayan da abin ya fi shafa, gama manyan sassanta duk daga waje ake kawo su. Ga shi kuwa bukatarta ba ta ragu ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta, ɗalibin jami'a ba ya kammala karatu sai ya buga kundin bincikensa, ma'aikacin gwamnati kuma sau da yawa yakan ɗauko ragowar aikin ofis ya ƙarasa a gida.

Wannan ya sa masu ƙaramin ƙarfi suke komawa ga wata dabara wadda ta daɗe, watau sayen sassan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya, kowane wata gwargwadon abin da albashi ya bari, sa'an nan a haɗa su a gida. Abin yana yiwuwa ne saboda yadda sana'ar ta faro. Da kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a 1981, da kayan wasu kamfanoni ya gina ta, ƙwaƙwalwarta daga Intel, manhajar da ke tafiyar da ita daga Microsoft. A 1995 kuma Intel ya fito da ma'aunin da ake kira ATX, wanda ya tsayar da girman sassa da wuraren ƙusoshi da irin wayoyin wuta. Shi ya sa har yau kayan kamfanoni biyar dabam dabam suke zama cikin akwati ɗaya lafiya lau.

Haɗawar kanta ba ta da wuya, sukurdireba ɗaya da natsuwa sun isa. Wahalar tana wajen zaɓe, domin a nan ne kuɗin wata uku kan salwanta cikin yini guda.

SUNA BA SHI NE ƘARFI BA

Abu na fari da ake tsayarwa shi ne ƙwaƙwalwar, wadda 'yan kasuwa ke kira firosesa, tare da babban faifan da take zama a kai, watau madabod. Waɗannan biyun tare ake zaɓensu, domin kowace firosesa tana da irin mazaunin da take shiga, kuma ba ta shiga wani. Ta AMD ba ta hawa faifan Intel, ta Intel ba ta hawa na AMD. Ko a cikin gida ɗaya ma akwai tarko. Firosesar Intel ta zubi na 6 da na 7 da ta zubi na 8 da na 9 duka mazauninsu sunansa LGA 1151, har sukan zauna daram a wuri ɗaya, amma ta zubi na 8 ba za ta tashi a kan faifan H110 ko B250 ba, sai irin su H310 ko B360. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka kayan ne matattu, alhali kuwa aure ne aka ɗaura tsakanin waɗanda ba su dace ba.

Wani tarkon shi ne suna. Mai shago ya ce "Core i7 ce", mai saye ya ji daɗi ya zaro kuɗi, bai tambayi shekarunta ba. Lambar da ke bin sunan ita ce mai faɗin gaskiya: i7-3770 zubi na 3 ce, ta 2012, i3-12100 kuwa zubi na 12 ce, ta 2022, kuma wannan ƙaramar i3 ta fi waccan tsohuwar i7 sauri nesa ba kusa ba, ga ƙarancin shan wuta.

Harafin ƙarshe ma yana da magana. Firosesar Intel da lambarta ta ƙare da F ba ta iya fitar da hoto da kanta, sai an saya mata katin hoto dabam, wanda kuɗinsa kan kai na firosesar ko ya wuce. A wajen AMD, a mazaunin AM4, mai harafin G ce ke fitar da hoto. Ryzen 5 5600G, wadda ta fito a 2021, tana da ƙwayoyin aiki shida da sashen hoto a cikinta, amma 'yar'uwarta 5600 marar harafi ba ta da shi. Ga mai buga takardu da lissafi da karatu a intanet da kallon darasi, katin hoto ɓarnar kuɗi ce kawai. Ɗalibin zanen gine-gine ko mai tace bidiyo ne zai bukace shi, shi ma yana iya jira sai hali ya samu, tun da gurbinsa yana nan a kan faifan. Sai dai a lura, tsofaffin faifan B450 da aka ƙera kafin fitowar 5600G ba sa gane ta sai an sabunta musu ƙaramar manhajar da ake kira BIOS, saboda haka a sa mai shago ya yi wannan kafin a bar wurinsa.

Akwai kuma dalilin da ya sa shekarun firosesa suka ƙara muhimmanci. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Windows 11 da ta gaje ta tun 2021 ba ta amince da kowace firosesa ba: ta Intel sai daga zubi na 8, ta AMD sai daga Ryzen 2000, a cikinsu ma ban da 2200G da 2400G, kuma dole faifan ya kasance da sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Wannan ne ya sa kayan zubi na 6 da na 7 suka yi araha, kuma arahar ba ta banza ba ce. Wanda kuɗinsa bai wuce nan ba bai yi asara ba, in dai zai yarda ya koyi Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya sarai a kan tsofaffin injuna, tare da LibreOffice don rubutu da lissafi. Amma wanda aikin ofishinsu ya ɗaure shi da manhajojin Windows, gara ya ƙara haƙurin wata guda ya sayi zubi na 8 zuwa sama.

RAM DA WURIN AJIYA

Ram ita ce teburin da kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin. Microsoft ya ce gigabait 4 sun isa Windows 11, amma wannan isar ta a kunna ce kurum. Gigabait 8 ne mafi ƙarancin abin da mutum zai yi aiki da shi bai yi tsaki ba, 16 kuwa shi ne kwanciyar hankali. Sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin firosesa tana ɗiba ta hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma bambancin ya fi fitowa ga mai dogara da sashen hoto na cikin firosesa. DDR4 ba ta shiga gurbin DDR5, tsagar da ke gindinsu ba wuri ɗaya take ba, ram ɗin laftof kuma gajera ce, ba ta shiga faifan tebur. A ƙarshen 2025 farashin ram ya yi mummunan tashi a duniya, saboda masana'antu sun karkata ga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira masu saye da yawa. Wanda tsada ta hana shi sanda biyu yana iya farawa da ɗaya, ya bar ɗaya gurbin a buɗe.

A kan wurin ajiya babu doguwar muhawara. Tsohon faifai mai juyawa yakan karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD ta talakawa takan kai 500 da ɗoriya, irin ta NVMe kuwa ta kan haura 3,000. SSD mai gigabait 256 ta fi faifai mai juyawa na gigabait 1,000 amfani ga wanda zai zauna gaban injin kullum, kuma tun da babu abin da ke motsi a cikinta, ba ta jin jijjiga kamar shi.

AKWATIN WUTA

Yanzu kuma ga sashen da kusan kowa ke rainawa, watau akwatin da ke karɓar wutar gida mai bolt 230 ya mayar da ita 12 da 5 da 3.3 don sauran sassa su sha. A kasuwa fawa-fak ake ce masa. Ba ya ƙara wa kwamfuta sauri, ba a ganinsa in an rufe akwati, don haka idan kuɗi suka kusa ƙarewa shi ake sayen mafi araha, ko a karɓi wanda aka liƙo kyauta a cikin akwatin. Lalle wannan shi ne kuskure mafi tsada a cikin aikin duka. Idan ram ta mutu ita kaɗai ta mutu, haka SSD. Amma fawa-fak marar kirki idan zai tafi ba ya tafiya shi kaɗai, yana iya jan madabod da firosesa da wurin ajiya, har da kundin binciken da aka yi shekara ana rubutawa.

Mai karatu ya san halin wutarmu, ba sai an ba shi labari ba. A ɗauke ta ba sallama, a dawo da ita da ƙarfi, wani lokaci ta yi ƙasa har fitila ta koma kamar garwashi, ga kuma sauyawa tsakanin wutar kamfani da janareta. Fawa-fak na ƙwarai an gina shi da matakan da ke yanke wuta idan ta yi yawa ko waya ta haɗu, na banza kuwa waɗannan su ne abubuwan da aka cire don a rage farashi.

Lambar da aka buga da manyan haruffa a jikinsa ba abin dogara ba ce. A duba ƙaramin jadawalin da ke gefe, a nemi layin bolt 12, a ninka amfiyar da aka rubuta sau 12. Idan an rubuta amfiya 30, to, wat 360 ke nan, ko da an zana 650 a kwali. Kwamfutar da ba ta da katin hoto da wuya ta sha wat 150, saboda haka mai wat 400 ko 450 na gaskiya, daga kamfani sananne irin su Seasonic ko Corsair ko Cooler Master, ya ishe ta har da rara. Tambarin 80 PLUS yana nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga injin, sauran ne ke zama zafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mazauna layin da ake kira Band A, waɗanda a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga musu kuɗin wuta zuwa Naira 225 kowane yunit. Amma tambarin shaidar tattalin wuta ce kawai, ba shaidar inganci ba, kuma masu jabu ma sun iya buga shi. Wanda aka rubuta masa 100 zuwa 240 ya fi jure wutar da ta yi ƙasa.

Masu sayen na hannu su kula da wani ɗan jan maɓalli da ke bayan tsofaffin fawa-fak, mai lamba 115 da 230. Kayan da suka fito daga Amurka sukan zo a kan 115. Idan aka jona shi haka a wutar Nijeriya, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi.

Bayan wannan sai UPS, mai batirin da ke riƙe injin 'yan mintoci idan an ɗauke wuta, daidai a adana aiki a kashe shi bisa ƙa'ida. Ƙarami mai lamba 650 ya ishi irin wannan kwamfuta da allon kallonta. Ya kamata kuɗinsa ya shiga lissafi tun ranar farko. Idan za a rage wani abu don a same shi, to, a rage daga akwatin waje. Akwati mai gilashi da fitilu masu walƙiya kala kala kwalliya ce ta samari, ba ta buga ko harafi ɗaya. Abin nema a akwati shi ne iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, da raga mai tare ƙura, domin a garuruwan da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙurar hunturu kuma ta toshe fanka, injin da bai sami iska ba yakan rage gudunsa da kansa ko ya mutu ana tsakar aiki.

SABO KO NA HANNU

Firosesa ba ta cika lalacewa ba, ram ma haka, saboda haka na hannunsu ba laifi. Akwati da allon kallo da kibod ma na hannu sun wadatar. Fawa-fak da SSD ne ya fi kyau a saya sababbi, gama su ne masu tsufa a ɓoye.

Wasu kuma sukan ɗauki gajeriyar hanya, su sayi tsohuwar kwamfutar ofis dungurungum, irin su Dell OptiPlex ko HP ProDesk da ke cike Computer Village ta Ikeja da shagunan manyan biranen Arewa, su ƙara mata ram da SSD. Sau da yawa wannan ya fi haɗawa daga tushe araha, kuma ga mai aikin takarda shawara ce mai kyau, muddin zubi na 8 ce ko sama. Aibinta shi ne da yawansu ba sa bin ma'aunin ATX, wayar wutarsu da siffar faifansu na kamfanin ne shi kaɗai, ranar da fawa-fak ya mutu sai an yi yawon neman irinsa.

Ko wace hanya aka bi, kada a biya sai an gani da ido. A duba ƙananan allurai na mazaunin firosesa a cikin haske: a Intel suna kan faifan, a AM4 suna jikin firosesar, guda ɗaya da ta lanƙwashe ta isa ta hana injin tashi. A sa mai shago ya jona kayan ya kunna, a shiga BIOS a karanta sunan firosesar da yawan ram da idon kai. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna awoyin da wurin ajiya ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa, MemTest86 kuma tana tona ram mai ciwo. Daga nan sai rasit, a rubuta lambar kowane sashe a kansa, da yawan kwanakin da aka yarda a dawo da shi idan ya ƙi aiki.