Gyaran Injunan Girki: Shago Kaɗai Ba Ya Yaye Gwani

Duk wani gidan burodi, otal ko babban gidan abinci a Kano, Kaduna ko Abuja, a kan injuna yake tsaye: tanda, injin kwaɓa fulawa, injin suya, firiza da ɗakin sanyi. Mai gidan burodin da tandarsa ta ƙi kamawa da asuba ba ya tsayawa cinikin kuɗin gyara, domin kwaɓin da ya riga ya kumbura ba ya jiran kowa. Gyaran waɗannan injuna sana'a ce mai ci, amma matasanmu sun yi wa gyaran waya da tuƙin adaidaita sahu rububi sun bar ta. Wanda ya yi niyyar shigarta kuwa, ya sani zaman shagon oga kaɗai ba zai ishe shi ba, sai ya haɗa da aji.

Dalili shi ne sana'o'i uku ne aka ɗaure wuri guda: lantarki, gas da sanyi. Manyan injunan kwaɓi da tanduna da yawa da wuta mai layi uku suke aiki, wajen bolt 400, ba 230 na gida ba. Layi ɗaya ya ɗauke, motar injin ta yi ta gurnani har ta ƙone. Aka musanya layi biyu, ta juya baibai. Ga kuma kwancen Amurka, wanda aka ƙera don wutar da ke kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, alhali tamu 50 ce. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya sai ya kwanta a ƙasa yana jiran ƙyastu, shi ya sa da kumfar sabulu ake laluben ɓula, ba da ashana ba. A jikin murhu mai kyau akwai wani ɗan ƙarfe kusa da harshen wuta, aikinsa ya datse gas da zarar wutar ta mutu. Wanda bai san amfaninsa ba, in ya ba shi wahala sai ya tsallake shi, murhu ya kama, ya karɓi kuɗinsa, ya bar wa masu girki ajali a kicin.

Harkar sanyi ma ta sauya. Tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 aka yi watsi da gas ɗin firji na R12, R22 ma yana kan hanyar fita. Cikin waɗanda suka maye gurbinsu akwai R600a da R290, kuma dukansu suna kama wuta. Mai gyaran da ya saba kai wutar walda jikin bututu kai tsaye, kamar yadda ya ga ana yi shekara ashirin baya, da ransa yake wasa. Haka nan zancen nan na "gas ne ya ƙare, a ƙara": gas ɗin firji ba ya ƙarewa sai in akwai inda yake zurara, kuma wanda bai toshe wurin ba, wata mai zuwa za a sake kiransa.

Za a ce takarda ba ta gyara inji, kuma akwai masu difloma da ba su iya riƙe sifana ba. Gaskiya ne, shi ya sa ba a ce a bar shago ba. Kunnen da ke gane kukan kwamfuresa mai shirin mutuwa a shago ake samunsa. Sai dai oga abin da ya taɓa cin karo da shi kawai zai koyar. Tandar zamani tana da allon kwamfuta mai nuna lambar matsala, da zanen wayoyi, da littafin bayani da Turanci, kuma waɗannan a aji ake koyon karanta su. Ƙofofin a buɗe suke: kwalejojin fasaha masu jarrabawar NABTEB, cibiyoyin koyon sana'a na ITF, wadda aka kafa a 1971, makarantun foliteknik da hukumar NBTE ke sa wa ido, da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. A nemi kwas ɗin lantarki ko na firji, sannan a kwana biyu a hannun wanda ke yi wa otal-otal aiki.

Wasu kuma za su ce kayan yanzu sai a yar a sayi sabo. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta kashe wannan magana. Inji na miliyoyi ba ya zama bola don wata 'yar waya ta ƙone.

Iyaye, kafin ku damƙa yaro ga oga, ku tambaya ko yana aiki da mitar gwajin wuta, ko yana karanta zanen wayoyi, kuma ko zai bar yaron ya riƙa zuwa aji. In amsar a'a ce, ku nemi wani shagon.