Taswirar da ta riga ta ga gobe: me ke gaskiya a dabarun da ake tallatawa a waya?

Daga Ɗan Issa zuwa Maraɗi, da ƙetaren iyaka a Jibiya da Katsina, wani irin saƙo yana yawo a WhatsApp da Telegram. Hoton taswirar farashi ne mai kibiyoyi kore da ja, a ƙasansa an rubuta cewa an gwada wannan dabarar a kan farashin shekaru goma da suka wuce, kusan kullum ta ci riba. Wani lokaci hannun jari ne, wani lokaci zinariya ko kirifto ko canjin dala. Ana so ka biya kuɗin shiga zaure, a riƙa turo maka lokacin saye. A garin da yaro ke tashi yana jin lissafin naira da sefa a bakin ƴan canji, maganar ba ta rasa masu saurare.

Gaskiya ne ana yin irin wannan gwaji. A ɗauki tsohon farashi, a ɗora masa ƙa'idar saye da sayarwa, a ga abin da zai faru da an bi ta. Manyan kamfanonin zuba jari na duniya suna yinsa. Lambobin da ke hoton ma sau da yawa ba ƙirƙirarsu aka yi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ƙa'idar ta sani a lokacin da ta ce a saya.

A ɗauki ƙa'ida mai cewa: sayi hannun jari ranar da farashin rufe kasuwa ya haura matsakaicin kwanaki 20. Misali an buɗe kasuwa da sefa 1,000, aka rufe da 1,060. Mai gwajin da bai yi hattara ba sai ya rubuta cewa an saya a 1,000, farashin safiyar ranar. To amma da safe wa ya san yadda za a rufe? Mutum mai rai ba zai ga alamar ba sai da yamma, zai saya washegari a wajen 1,060. Wannan sefa 60 ɗin, da aka tara ta sau ɗaruruwa cikin shekaru goma, ita ce ribar da ake nuna maka. Babu wanda ya taɓa riƙe ta a hannu. Wannan leƙen gaba yana cikin kurakuran da suka fi lalata irin waɗannan gwaje-gwaje, kuma yakan shiga ko da mai lissafin ba mugu ba ne.

Haka yake da rahoton kamfanoni. A kasuwar BRVM ta Abijan, wadda Nijar ke cikin ƙasashe takwas da ke amfani da ita, kuma ake cinikin hannun jarin BOA Niger a cikinta, da kasuwar NGX ta Legas, shekarar yawancin kamfanoni tana ƙarewa ranar 31 ga Disamba, amma rahoton riba ba ya fitowa sai wajen Maris ko Afrilu. Teburin da ya ajiye ribar a ƙarƙashin Disamba, ya ce a saya a Janairu, ya ba mai saye labarin da bai riga ya fito ba. Akwai kuma zaɓen kamfanonin da za a gwada. Wanda ya ɗauki bankunan Najeriya da ke raye yau ya gwada su baya, ya cire Oceanic da Intercontinental da Skye ba tare da ya lura ba, alhali mai saye a farkon 2008 yana ganinsu a sahun gaba, kafin ma'aunin kasuwar ya faɗo daga sama da 66,000 a Maris zuwa ƙasa da rabin haka a ƙarshen shekarar.

Ana cewa kwamfuta ba ta ƙarya. Ba ta yi, amma tana zana abin da aka umarce ta. Akwai ma'auni irin ZigZag a MetaTrader da TradingView wanda ba ya sa alama a ƙasan farashi sai bayan farashin ya riga ya tashi, sannan ya koma baya ya ɗora alamar daidai kan ranar da aka fi araha. In ka kalli tsohuwar taswira za ka rantse bai taɓa kuskure ba. Zauna gabansa kasuwa na tafiya, za ka ga alamar ƙarshe tana gusawa.

Maganar da ta fi shafar Ɗan Issa ita ce ta naira da iyaka. Za ka ji ana cewa dabarar ta fitar da mabiyanta daga naira kafin ta karye. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta fara buɗe su ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. Duk wannan ya faru, kuma kowane ɗan kasuwa a hanyar Maraɗi zuwa Kano ya ji a jikinsa. Tambayar ita ce yaushe aka rubuta ƙa'idar. Wanda ya zauna bayan komai ya wuce, yana gyara lambobi har sai ƙa'idarsa ta kauce wa kowane rami, ba hasashe ya yi ba, tarihi ya kwafa. Da na sani ƙeya ce, kuma ita ake sayar wa matasa a matsayin basira. Abin da ke ɓata mini rai shi ne kuɗin da ke tafiya a wannan hanya galibi na wake ne da aka sayar, ko na akuyar uwa.

Wasu kuma sun zarce, suna cewa duba tsohon farashi ɓata lokaci ne gaba ɗaya. Wannan ma ba daidai ba ne. Manomin Madarunfa ya san hatsi yana araha da kaka, ya yi tsada daga bazara zuwa tsakiyar damina, kuma alƙaluman SIMA, tsarin da ke tattara farashin kasuwannin amfanin gona a Nijar, suna nuna hakan a mafi yawan shekaru. A kan wannan sani aka gina warantaji, inda ake ajiye buhuna a sito a karɓi bashi, a jira tsada. Ƙa'ida ce mai tsabta, domin duk abin da take bukata an san shi ranar saye. Amma ba kowace shekara take ci ba. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a 2025 kuma waɗanda suka tara masara a arewacin Najeriya suka ga farashi ya sauka maimakon ya hau. Gwaji na gaskiya dole ya ƙidaya irin waɗannan shekaru, tare da kuɗin sito, da ɓarnar ƙwari, da kuɗin ruwan bashi.

Kafin ka tura ko dala, tambayi mai zauren ranar da ya rubuta ƙa'idar, ka duba sakamakon da ya biyo bayan ranar kaɗai. Ka tambaye shi ko farashin sayen da ke teburinsa na bayan fitowar alama ne, kuma ko ya cire la'adar dillali da ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. In yana turo alamu, rubuta kowace a littafi da sa'ar da ta iso wayarka da farashin da ke kasuwa a wannan sa'ar, ka bi su wata uku ba tare da sa kuɗi ba. Ɗauki hoton allo kuma, domin a Telegram mai zaure yana iya goge saƙon da ya faɗi ko ya gyara shi daga baya.