Giyar Hannu ko Otomatik: Wacce Ke Fidda Direban Kirki?

A Zongon Lome, wanda aka tayar daga tsakiyar gari zuwa Aguwe a 1977, wannan gardama ba ta ƙarewa a bakin gareji. Unguwar tana kan babbar hanyar da tireloli ke bi daga tashar jiragen ruwa zuwa Burkina Faso da Nijar, shi ya sa tsofaffin direbobi ke cewa wanda bai san kulochi ba bai fara tuƙi ba.

Suna da hujja. Mai koyo da giyar hannu dole ya saurari injin, ya san lokacin canza giya, ya iya tayar da mota a kan tudu ba ta koma baya ba. A gangara kuma giya ke riƙe mota, birki ya huta, abin da direban tirela mai nauyin kaya ba ya wasa da shi. Wanda ya iya wannan zai tuƙa otomatik cikin yini guda, amma mai otomatik sai ya koma koyo.

Sai dai iya giya daban, lura da hanya daban. A cunkoson Lome, inda 'yan acaɓa, wato zemijan, ke kutsowa ta ko'ina, sabon direba a otomatik ya fi samun sukunin duba madubi, tunda hannunsa biyu na kan sitiyari.