Wane laifi ne ke sa a tsige gwamna?

A bakin Bahaushe, tsigewa ita ce fizge abu daga inda ya kafu, kamar gashin kaza ko ciyawa a gona. Shi ya sa idan mai sauraron rediyo a Zawaciki ko Sharada ya ji an ce an tsige wani, abin da yake fahimta shi ne kujerar ta tafi.

Sai dai kalmar Turancin da ake fassarawa haka, wato "impeachment", asalin ma'anarta tuhuma ce kawai. Majalisar wakilan Amurka ta yi wa Bill Clinton wannan tuhuma a 1998, ta kuma yi wa Donald Trump a 2019 da 2021, amma babu wanda ya bar mulki saboda ita, domin majalisar dattawa ta wanke su.

A Najeriya kuwa, sashe na 188 na tsarin mulkin 1999 ya ce ana iya cire gwamna ko mataimakinsa saboda babban laifi. To, mene ne babban laifin? Sashen ya ce shi ne mummunan keta tsarin mulki, ko kuma duk wani rashin ɗa'a da majalisar dokoki ke ganin ya kai matsayin babban laifi.

Wannan kashi na biyu ne ke jawo ce-ce-ku-ce, domin kuwa ya bar ma'aunin a hannun 'yan siyasa.

Kanawa sun ga haka tun a jamhuriya ta biyu. A watan Nuwamban 1981 majalisar jihar ta tsige mataimakin gwamna Ibrahim Bibi Faruk, lokacin da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu, 'yan Santsi na Gwamna Abubakar Rimi da 'yan Taɓo na Malam Aminu Kano. Kafin nan, a watan Yuni, majalisar Kaduna da NPN ke da rinjaye ta tsige Gwamna Balarabe Musa. Da wuya a ce laifi kaɗai ne ya kayar da su.

Amma dai akwai ƙa'ida. A majalisar Kano mai kujeru 40, sai aƙalla mutum 14 sun sa hannu a takardar zargi, sannan 27 su amince a yi bincike. Daga nan babban jojin jiha zai naɗa kwamitin mutum bakwai, wanda ke da wata uku ya miƙa rahoto. Idan kwamitin ya wanke wanda ake zargi, magana ta ƙare. Idan ya same shi da laifi, sai an sake samun ƙuri'a 27.

Tsallake waɗannan matakai ne ya sa Kotun Ƙoli ta soke tsige Gwamna Rashidi Ladoja na jihar Oyo a watan Disamban 2006, ya koma kan kujerarsa bayan wata 11.